Tsohuwar taswira: ta asali ko kwafi?

Tun da na rataye taswirar Arewa a falo ake ta tambayata: ta asali za a saya, ko kwafi?

A kuɗi, kwafi ba ya cin aljihu. Ta asali kuwa, musamman wadda aka buga kafin Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudancin Najeriya a 1914, sai ka shirya, don galibi a hannun dillalan Turai take.

Amma fa daɗinta daban ne. Ka ɗaga ta ka ga karin ninki, alamar daga cikin littafi aka ciro ta, takardar ta yi ja-ja, ga sunan Sakkwato Bature ya murɗe shi yadda kunnensa ya ji. Kwafi zai nuna maka rubutun, ban da wannan ƙanshin tsufa.

Sai dai wahala: gara, danshin damina, rana mai kashe launi. Ga 'yan damfara masu jiƙa sabuwar takarda da ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa. Kwafi in ya lalace, ka sake bugawa.

Ta asali tana riƙe darajarta in ta samu adana.

Malami ko ɗalibin da ke son bin iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin Katsina da Maraɗi, kwafi ya ishe shi. Mai tara kayan tarihi, mai kuɗi da haƙurin kulawa, shi ta asali ta dace da shi.