Wasiƙa ga Auta: a nan ɗumi ake saye da kuɗi

Auta, na ga saƙonka da hoton sabon shagon, Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni ko gyaran esi zai riƙe mutum a Ingila. Na san abin da ke ranka, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake, ka auna da kanka.

Gidajen nan ba ruwansu da esi. Shekarata shida a Landan, ban taɓa shiga gidan wani ɗan'uwa na gan shi a bango ba, sai a ofisoshi da manyan kantuna. Ran 19 ga Yulin 2022, da zafi ya kai digiri 40.3 a wani gari Coningsby, karon farko da ƙasar ta haura 40, har wasu jiragen ƙasa aka tsayar. Kanti uku na zaga neman fanka ban samu ba. Da rana dariya na riƙa yi musu ina tuna Afrilun Kano, amma da dare ya yi sai dariyar ta koma ciki, domin ginin nasu an yi shi ne ya riƙe zafi, ba ya sake shi ba.

Abin da ke riƙe da gida a nan shi ne boila. Wani akwati ne a bangon kicin, yana ƙona gas ya dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya shiga wasu ƙarafa masu kama da lagireton mota da aka kafa a kowane ɗaki. Shi ne kuma ke ba da ruwan wanka. In ya mutu a watan Janairu, kai da wanda ya kwana a tasha duk ɗaya.

Namu daren wata Juma'a ya mutu. Na kira mai gidan, ya kira kamfanin gyara, suka ce sai Talata. Talata fa, Auta! Kai da an kira ka, kafin a sauke shayi ka diro daga Adaidaita Sahu da jakar kayan aikinka. Kwana huɗu ni da yayarka da yara muna ɗaki ɗaya da ƙaramar hita ta lantarki, muna dafa ruwan alwala a buta, mita kuwa tana shan kuɗi. Da mutumin ya zo, katinsa ya fara nuna mini kafin ya ajiye jaka. Ya buɗe, ya gwada, ya ce allon lantarkin ciki ne ya ƙone. Na ce ba za a duba abin da ya ƙone a jikinsa a canza ba? Ya kalle ni kamar na yi masa Hausa. Ba a gyara allo a nan, sabo ake sawa, domin kuɗin awa ɗaya na hannun ma'aikaci ya isa ya sa gyaran ya fi sabon tsada. Ya ma ce wa mai gidan boilan ya haura shekara 12, gara a sauya shi gaba ɗaya, aikin da ke wuce fam 2,000. Na tuna kwamfiresan da ka tayar wa Kawu bayan kowa ya ce ya mutu, na ce a raina da a nan ne da tuni yana bola.

Amma in faɗi gaskiya, tun da ya sa hannu ya ba da rasit da garanti, boilan bai sake tari ba. Ban taɓa jin an ce "gas ya ƙare" duk bayan wata uku kamar yadda ake yi da esi a gida ba, alhali ni da kai mun san gas ɗin esi ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake yoyo.

Katin nan da ya nuna mini shi ne maganar gaba ɗaya. Tun 2009 duk mai taɓa kayan gas sai yana cikin rajistar Gas Safe, in ba haka ba ya karya doka, komai iyawarsa. Mai gidan haya dole ya sa a duba boila duk shekara ya ba ɗan haya takardar. Akwai kuma ƙaramar ƙararrawa a bango mai ihu in gurɓatacciyar iskar nan marar wari ta taru, irin wadda ke kashe mutane a gida idan an kwana da kaskon garwashi ko janareta a rufaffen wuri. Ni abin da nake taɓawa biyu ne kawai: in sa ɗan mabuɗi in fitar da iskar da ta maƙale a lagireto, in kuma ƙara wa boilan ruwa har allurar ma'aunin da ke jikinsa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5.

Gas ɗin esi ma sai da takardarsa daban, ta F-gas. R22 da kuke ɗurawa kullum, tun 2015 aka hana zuba shi a kowace na'ura a nan.

Inda nake ganin kana da rabo shi ne wata na'ura da gwamnati ke son ta maye gurbin boila, har tana tallafa wa mai gida da fam 7,500 in zai sa ta. Da na ga an kafa wa maƙwabcinmu, na tsaya na duba da kyau: fanka, kwamfiresa, bututun jan ƙarfe. Esi ne aka juya masa baya, yana jawo ɗumi daga waje ya kai ciki. Hannunka ya riga ya san rabin aikin. Ka dage da koyon esi masu inbata da gas ɗin R32, kuma duk wata takardar shaidar sana'a da za ka iya samu a nan gida ka neme ta ka adana.

Esin ɗakin Inna kuma, don Allah ka nemo inda yake yoyo ka yi masa walda kafin zafi ya shigo, kar ka sake ɗura masa gas kawai. Kuɗin na tura wa Yaya Babba. Ka gaishe ta, ka ce mata jikokinta sun gama tarin.