Mai tapin mota da na kai wa Corolla ta a Garwa

Tun ruwan watan Agusta motar nan take wani wari kamar an jiƙa tsumma an cusa a buhu, turare kam na ƙona har na gaji, uwargida ma ta ce gara ta hau moto. Shi ne wani abokina ya kai ni wajen wani dattijo mai aikin tapi, wato shimfiɗar ƙasan mota, da kujeru can wajen Yelwa, rumfa ce kawai ta kwano ba ko allo.

Ni a tunanina yaye tsohon za a yi a shimfiɗa sabo in kama gabana. Ina! Sai da ya fara cire kan batir, ya ce akwai wayar erbag (jakar iskar da ke kare mutum in an yi hatsari) mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera, ba a taɓa ta da wuta a jiki. Yaronsa ya kwance kujerun gaba da sifana lamba 14, noti huɗu-huɗu, suka cire robobin bakin ƙofa da akwatin robar da ke rufe gindin giyar mota, sannan tapin ya fito. Wallahi soson da ke ƙasansa da ya matse ruwa ne ya zubo baƙi ƙirin, ƙarfen gefen fasinja har ya fara tsatsa.

Na ce Baba a sa sabon mana rana na yi, ya ce Alhaji in ba mu gano ta inda ruwan ke shiga ba kuɗinka ka zubar. Ashe ba ruwan sama ba ne ma, tiyon zubar da ruwan kilima, wato AC, ne ƙura ta toshe, ruwan ke komowa ciki. Ya busa shi, ya kankare tsatsar ya shafa fenti, aka bar motar ƙofa a buɗe ta sha ranar Garwa wuni guda.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce gobe sai da na kwana uku ba mota, kuma yaron ya karya min maƙalan roba biyu bai faɗa ba, sai da na ji bakin ƙofa na ƙara a hanyar Pitowa. Tapin da ya sa min na okaziyo ne, wato na hannu, launinsa ya ɗan fi na baya duhu, amma ya zauna daram, ba ya kama totur ko birki. Sefa dubu 25 na biya har da aiki, maƙalan kuma ya sa min wasu kyauta da na koma.