Sharhina kan sashen tiyatar hanji da aka yi min aiki

Na shekara da shekaru ina fama da taurin bayan gida. Sai in yi kwana goma ban zaga ba, ciki ya kumbura tam, sannan ruwa-ruwa ya riƙa ɓata min wando ban ma sani ba. Wannan ya fi komai ci min rai. Kowa sai ya ce basir ne.

A sashen nan aka gano ainihin ciwon, megarektum: ƙarshen babban hanji, dab da dubura, ya saki ya zama kamar jaka, ba ya jin cika balle ya turo.

Abin da na fi yaba musu shi ne ba su yi gaggawar ɗaukar wuƙa ba. An zuba min farin ruwan bariyom, mai sa hanji ya fito a hoto, ta ƙasa aka ɗauki hoton, likita ya juyo min da allon ya nuna faɗin ya haura santimita 6.5, iyakar da ake ɗauka ga babban mutum. Aka sa ɗan balan-balan ana hurawa ana tambayata ko na ji. Sai da ya cika sosai na ji. Aka kuma tsinki ɗan nama don a duba ko cutar Hirschsprung ce, wadda ake haifar mutum da ita babu ƙwayoyin jijiya a bangon hanji. Aka ga ni ina da ƙwayoyin, don haka ba ita ba ce. Wata shida ina kan magungunan laushi da wankin hanji, da suka gaza aka yi maganar tiyata.

An cire wurin da ya saki, aka haɗa lafiyayyen hanji da dubura, aka fito min da ƙaramin hanji ta gefen ciki, da jakar tara bahaya, har ɗinkin ya warke.

A nan suka gaza. Ba a koya min sarrafa jakar yadda ya kamata kafin aiki ba. Daren da ta fara yoyo na yi kuka. Wata nas ta zo wajen ƙarfe biyu, ta ce, "Sannu Malam, kowa haka ya fara," ta riƙe hannuna muka yanka bakin sabuwar jaka tare. Allah ya saka mata da alheri.

Bayan wata uku aka mayar da hanjin. Da farko nakan zaga sau shida a rana, yanzu biyu ko uku, kuma ina jin zuwansa. Zan tura ɗan'uwana wurinsu, amma zan ce masa ya dage a nuna masa jakar tun kafin ya sa hannu.