Agogon tiyo ko na waya: wanne ya dace da tsohuwar Peugeot 504?

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka gaji 504 ɗin mahaifinka, Allah ya jiƙansa da rahama, ka tashe ta bayan ta daɗe a ajiye, yanzu kana son ƙara mata agogon baƙin mai da na zafi da na wuta. An nuna maka iri biyu a kasuwa, mai tiyo da mai waya, kowane mai shago yana yabon nasa. Ka kuma tambaya ko a fasa tablo, wato allon da ke gaban direba, a dasa su a ciki. Na yi amfani da duka biyun a motata, don haka bari in jera maka su gefe da gefe.

Da farko niyyarka tana da kyau. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, daga can da yawa suka tsallako mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Injinta yana da juriya, amma tablonta ba ta faɗa maka komai game da ƙarfin turin baƙin mai sai jar fitila guda. Ita kuwa fitilar nan ba ta kamawa sai turin ya faɗi zuwa wajen rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turi). Idan kana gudu a kan kwalta ta kama, sau da yawa ɓarna ta riga ta fara a cikin inji. Agogo shi ne ke nuna maka raguwar tun tana ƙarama, makonni kafin a kai ga haka.

Mu fara da na baƙin mai, don a nan ne bambancin ya fi nauyi.

Mai tiyo ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, sai ta ɗan ƙwan da ke haska shi da dare. Wani siririn tiyo ne ke ɗauko man daga jikin inji ya kawo shi har bayan agogon. A ciki akwai lanƙwasasshen bututu na tagulla; in mai ya tura shi sai ya nemi miƙewa, shi kuma ya ja allura. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ne ya yi rajistar wannan dabara a 1849, har yau ita ake bi. Daɗinsa shi ne abin da ka gani shi ne abin da ke faruwa, babu waya mai tsatsa da za ta yi maka ƙarya. Allurarsa kuma tana zagaya kusan kashi uku cikin huɗu na fuskar agogon, don haka ko motsi kaɗan ta yi za ka lura.

Amma ka dubi abin da ka yi: ka shigo da tafasasshen mai, mai ƙarfin bar 3 ko 4, har kusa da gwiwarka. Tiyon roba da ke zuwa cikin kwalin yawancinsu ba a yi shi don zafinmu na watan Afrilu da Mayu ba, lokacin da ko a inuwa ake wuce digiri 40, balle ƙarƙashin murfin inji. Yana bushewa, yana ƙagewa, wata rana ya tsage. Ni ya same ni tsakanin Gazawa da Agye, ina dawowa daga Tasawa da iyali. Wanda ya ɗaura mini ya wuce da tiyon ta wata huda a bangon da ke raba inji da ɗaki, bai sa masa zoben roba ba, bakin ƙarfe ya yi ta cin sa a hankali. Ɗumi kawai na ji a ƙafata, na duba, takalmi da bakin wando sun jiƙe da baƙin mai. Allah ya sa na kashe inji nan take. Da tsagewar ta ɓangaren inji ta faru, inda ba na gani, da sai man ya kusa ƙarewa kafin in sani, kuma da injin nan ya buga a daji da yara a mota. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa.

Idan ka nace sai mai tiyo, to ka jefar da na robar, ka sa na jan ƙarfe, a naɗe shi zagaye biyu ko uku kusa da inji don ya sha girgiza, in ba haka ba shi ma karyewa yake yi a bakin noti. Wanda ya fi su duka shi ne tiyon da aka saƙa wa rigar ƙarfe, in ka samu.

Mai waya kuwa, baƙin mai yana tsayawa a wurinsa. Ana ɗaura wani ɗan ƙarfe a jikin inji, wanda makanikanmu ke kira sondi, shi ke jin turin man ya aika saƙo ta waya guda zuwa agogo. In wayar ta tsinke, allura ce kawai za ta rikice, ka isa gida lafiya ka gyara. Allurarsa ba ta zagayawa da faɗi, a irin na da kwata ɗin fuska kawai take ci, kuma tana ɗan jinkiri. Wannan ban ɗauke shi babban aibi ba.

Aibinsa na gaske yana wajen saye da ɗauri. Sondi da agogo dole su zama 'yan gida ɗaya. Na kamfanin VDO na Jamus yakan yi aiki daga om 10 zuwa wajen 180 (om shi ne ma'aunin yadda sondi ke tare wuta), yana hawa in turi ya ƙaru. Da yawa daga na Amurka kuma daga 240 suke saukowa zuwa 33. Ka haɗa agogon wannan da sondin wancan, allura za ta yi tafiya a juye, ko ta nuna maka lambar da ba ta da tushe. A kasuwarmu kuwa an saba a ciro agogo daga wannan kwali, sondi daga wancan buhu, a ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ka saye su tare a kwali guda, kuma ka duba lambar bar da ke jikin sondin ta yi daidai da ta fuskar agogon. Sai maganar zaren ɗauri. Akwai na Turai mai awon milimita kamar M10x1, akwai 1/8 NPT na Amurka, akwai 1/8 BSPT da motocin Japan irin su Toyota ke amfani da shi. A ido kamar su ɗaya, zagaye biyu na farko ma suna shiga, daga nan sai yaron gareji ya sa ƙarfi ya cinye zaren jikin inji. Ka kwance na motarka ka tafi da shi a aljihu a gwada a gabanka. Kuma kada a lafta masa farin tef ɗin masu famfo, domin yawancin sondi ta zaren nan suke samun mas, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfen mota. In tef ya raba su da ƙarfen inji, agogo zai yi ta rawa.

Hukuncina a kan baƙin mai: mai waya, ba tare da wani kokwanto ba. Abu guda nake roƙonka, kada ka yarda a cire maɓallin jar fitilar asali a sa sondi a gurbinsa. Idonka yana kan hanya, ba ya kan agogo, fitila ce ke fizgo hankali. Ko a sa mahaɗi mai baki uku su zauna tare, ko ka nemi sondi mai ƙafa biyu, ɗaya ta agogo ɗaya ta fitila. In mahaɗin aka sa, kada a bar sondi mai nauyi yana lilo a kansa, hanyoyinmu na jar ƙasa masu gargada za su karya shi. A ja ɗan gajeren tiyo mai ƙarfi a ɗaure sondin a jikin mota.

Da aka zo kan zafi sai ma'aunin ya ɗan juya. Agogon zafi mai tiyo ba ya kawo ruwa cikin ɗaki. Rufaffen bututu ne siriri, da ɗan kai a ƙarshensa mai ɗauke da wani ruwa mai saurin zama tururi. Zafi ya ƙaru, tururin ya tura allura. Ko ya fashe babu abin da zai zubo daga inji. Abin da nake so game da shi, yana aiki ko ka zare makulli. Ka tsaya sallar azahar a hanyar Dakoro, ka kashe mota, za ka ga allura ta ci gaba da hawa na wasu mintuna saboda ruwa ya daina zagayawa alhali ƙarfe yana da zafi. Wannan yana koya maka halin injinka sosai. Sai dai bututun ba a yanka shi, ba a ƙara shi, ba a lanƙwasa shi da tsanani. Ranar da wani ya ga ya yi tsawo ya sa almakashi, agogon ya mutu har abada. Kansa kuma yana da kauri, yana son babbar huda, ba kowane inji ke da ita ba.

Mai waya ƙaramin sondi gare shi, ya fi sauƙin samun wuri, amma tsatsa a bakin waya ko raunin mas suna iya karkatar da shi da digiri masu yawa ba ka sani ba.

Ko wanne ka ɗauka, wurin da aka dasa shi ya fi irinsa muhimmanci. A kan inji ake so, kafin kalorista, wato ɗan marfin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Mutane da yawa suna yanka babban tiyon sama na lagireto su sa shi a can don ya fi sauƙi. To ranar da kalorista ta maƙale a rufe, ruwan zafi ba zai iso wurin ba, agogo yana ce maka lafiya lau alhali inji yana dahuwa. Haka kuma in ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, sondi ya zauna a iska, allura tana iya sauka maimakon ta hau. Agogo ba ya ɗauke maka duba ruwa kowace safiya. Ina kuma ba ka shawara kada a cire kaloristar, ko da an ce maka ƙasarmu da zafi. Inji yana son ya zauna tsakanin digiri 80 da 95, ba ƙasa da haka ba. A nan zan ce: in kan injinka yana da hudar da ta dace, ɗauki mai tiyo, in babu, mai waya mai kyau ya isa, kada a huda kan inji saboda agogo.

Na wuta ba ya buƙatar dogon zance. Na da mai auna amfa sai an bi da dukan wutar caji ta cikinsa da kakkaurar waya har bayan tablo, in ɗauri ya saki sai zafi da gobara. Mai auna bolt siririyar waya da fiyus kawai yake so. Batir mai lafiya a kwance yana nuna wajen 12.6, inji na tafiya kuma 13.8 zuwa 14.4. Ka fara duba tablonka ma, wasu 504 sun zo da nasu.

Game da fasa tablo, don Allah kada ka yi. Hannun mahaifinka ya shekara yana shafar wurin nan, kuma tablon 504 mai lafiya ba ta samuwa da sauƙi yanzu. Abin da aka huda ba ya komawa. Agogunan nan yawancinsu faɗin milimita 52 ne, akwai ɗan farantin ƙarfe mai gurbi biyu ko uku da ake ratayawa ƙarƙashin tablo da sukurori biyu. Maƙeri ma zai lanƙwasa maka shi a shafa baƙin fenti. A karkato shi ya fuskanci direba, a nesa da gwiwa da sandar giya. Ka zaɓi masu baƙar fuska da fararen lambobi, su suka yi kama da na asali; masu shuɗiyar wuta mai walƙiya ba su dace da motar nan ba, kuma suna kashe ido da dare. A haɗa ƙwansu da wayar ƙananan fitilu, wutar agogon kuma ta fito daga bayan makulli don kada ta shanye batir.

Bayan an gama, ka fita da ita zuwa Madarunfa ka dawo, inji ya yi zafi sosai, ka rubuta abin da allurar mai ta nuna a ralanti, wato inji na aiki mota a tsaye, da abin da ta nuna kana tafiya. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce aƙalla wajen bar 0.7 ga kowane juyi 1000 na inji a minti. Ka ajiye takardar a aljihun mota, da ita za ka riƙa gwada abin da ka gani nan gaba. In ka samu lambobin ka turo mini mu duba tare. Allah ya tsare hanya.