Na biya an tace min labarin gasa, ga yadda ta kaya

Kusan wata biyu ke nan 'yan gurup ɗinmu na marubuta suna damuna da tambaya, wai kuɗin da na ba matar nan mai tace labari ya biya ko asara na yi, toh bari in zauna in zayyana komai sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunanta ba don ba talla na zo yi ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi. Amma duk wadda ke cikin harkar ta san irinsu, yanzu sun fara yawa a WhatsApp da Facebook, da an buɗe gasa za ki ga sanarwa ta ko'ina ana gyaran labari a tuntuɓe mu. Tawa malamar Hausa ce a wata sakandare, da dare take aikin tacewar bayan yara sun yi barci, Anti nake ce mata.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa na shiga. Don wadda ba ta sani ba, tun 2016 ake yin ta, ta mata ce zalla, labarin kuma dole ya tsaya tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, da daidaitacciyar Hausa, kuma wanda ba a taɓa fitar da shi a wani wuri ba. Ana fitar da uku da suka yi zarra sannan wasu 12 da suka cancanci yabo, a karanta su a rediyo. Kalma 1,500 in kin ji a baki sai ki ga kamar fili ne, amma mu da muka saba da rubutun onlayin inda feji ɗaya kawai yake cinye fiye da haka, gaisuwar surukai kaɗai ta ɗauki rabin shafi, wallahi sai kin zauna za ki san ɗaki ne ƙarami aka ce ki jera kayan gida guda a ciki.

Labarina na wata yarinya ce mai suyar awara a bakin wata makarantar boko, na saka mata suna Uwani, tana tara kuɗi a ɓoye don ta biya wa kanta jarrabawa. Rubutun farko ya tashi 2,340. Na yi kwana huɗu ina yanka da kaina har na dawo da shi 1,490, na ji daɗi sosai na ce shi ke nan saura a duba min ƙa'idar rubutu kawai. Da wannan niyyar na tura mata, na yi transfa na naira 5,000 kamar yadda ta ce, ta ce kwana uku.

Abu na farko da ta dawo min da shi ba gyara ba ne, tambayoyi ne. Ta ce ƙanwata kafin in taɓa labarin nan ki rubuto min takardar jarumarki, kada ta wuce kalma 80, ki faɗa min wace ce ita, me take so, me ya tare mata hanya, me take ɓoyewa, kuma me zai canza a jikinta kafin layin ƙarshe. Na ce Anti ai duk yana cikin labarin, ta ce in yana ciki ba zai miki wuya ba, rubuto. Na zauna na rubuta sai ga kalma kusan 300, na ba da tarihin kakanta da ya zo daga ƙauye, da yadda uwarta ta yi aure uku, da kalar fatarta, da sunan ƙawayenta biyu. Ta dawo min da shi ta ce 80 ta ce. Ranar har raina ya ɗan ɓaci don ina ganin na biya kuɗi kuma ni ake ba aikin gida, amma da na matse shi ya koma 78 sai na ga abin da take so in gani, duk abin da na kasa saka wa a cikin 80 ɗin nan, shi ne dai abin da ya cika min labarin ba tare da yana aikin komai ba. Kakan ya tafi, ƙawa ɗaya ta tafi, auren uwar ya koma jimla ɗaya.

Wannan takardar jarumar ita ce abin da ya fi komai daraja a duk abin da na biya, ko da a nan aikin ya tsaya da ban yi kuka ba.

Sai maganar siffantawa. Kun san yadda muke yi, da jaruma ta shigo sai mu tsayar da labari cak mu fara, fara ce sol doguwa mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya, ga wushirya ga kumatu masu lotsawa. Ni ma haka na yi wa Uwani, kalma 94 na kashe a kan fuska da jiki. Anti ta ja wa sakin layin gaba ɗaya jan layi ta rubuta a gefe, a cikin nan wanne ne in an cire labarin zai rushe? Na duba na sake dubawa, babu ko ɗaya. Ta ce to nemo min abu ɗaya da take yi da hannunta wanda babu mai yin sa sai ita. Na kwana ina tunani sannan na tuna wata mai awara ta unguwarmu da na sha gani, na rubuta cewa Uwani ƙulli biyu take yi a haɓar zaninta, ɗaya na cinikin da za ta kai gida, ɗaya ƙarami wanda ba ta taɓa kwance shi a gaban kowa, kuma duk yatsunta tabon ƙunar mai ne. Kalma 30 da 'yan kai, kuma a ciki mai karatu ya san sana'arta, ya san wahalarta, ya san tana da sirri. Wannan ƙullin ƙaramin shi ya zo ya zama ƙarshen labarin ma, abin da ban shirya ba tun farko. Har yanzu in na karanta wajen sai in ji wani abu a ƙirjina, don yarinyar ta fi zama mutum a idona fiye da lokacin da na san tsawon hancinta.

Yanzu ga inda na so kowace mai shirin shiga gasa ta buɗe kunne, don ni ya kusa kayar da ni. Na ce muku na tura 1,490 ko? Da ta gama gyaran raba kalma da haɗe kalma kawai, ba ta ƙara min ko harafi ɗaya nata ba, labarin ya koma 1,712. Na ɗauka kuskure ne sai da ta nuna min. Mu a waya mun saba buga nace, yace, tace, zanje, bata zo ba, dashi, akan tebur, itace, duk a manne, alhali a ƙa'ida na ce ne, ya ce, ta ce, zan je, ba ta zo ba, da shi, a kan tebur, ita ce. Kwamfuta kuma ba Hausa take ji ba, Microsoft Word tazarar da ke tsakanin kalmomi yake bi ya ƙirga, duk abin da kika manne ɗaya ne a wajensa. Toh ki lissafa sau nawa ake cewa ya ce ta ce a labari mai hira da yawa, kowanne yana ɓoye miki kalma ɗaya. An ɗan samu sauƙi ta wani gefen don akwai waɗanda nake rabawa alhali haɗe suke, irin su gidan sa, 'yar ta, ya na, su na, su ke, waɗannan gidansa ne, 'yarta, yana, suna, suke, da aka haɗe su sai ya sauko 1,680, amma dai har yanzu na haura da 180. Da na tura yadda yake da farko, ko dai a ga rubutu ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma in gyara a daren ƙarshe in tarar na wuce iyaka babu lokacin yanka.

Shawarar da ta ba ni, wadda na ga amfaninta, ki gyara ƙa'idar rubutu tukuna sannan ki ƙirga, kuma ki tsaya wajen 1,450 ki bar wa kanki ɗan sarari, don manhajojin ba lallai su ba ki lamba iri ɗaya ba musamman in akwai kalmomi masu karan ɗori irin sannu-sannu da 'yan alamomin da kika bari su kaɗai a tsakiyar layi. A waya in Google Docs kike amfani da shi, ki taɓa ɗige-ɗigen nan uku na sama za ki ga wajen ƙirga kalmomi, ba sai kin je shagon kwamfuta ba.

Wajen cire kalma 200 da 'yan kai ma ta taimaka ba kaɗan ba, amma ba ta yanke min da hannunta ba, alama kawai take sakawa. Gaisuwa tun daga sallama har ya gida ya yara ta ce a bar amsa ɗaya. Duk inda na rubuta ta buɗe baki ta ce, ko ya kalle ta sannan ya nisa ya ce, ta tambaye ni ko nisawar tana da aiki. Karin magana na jera guda biyar, ta ce zaɓi biyu da suka fi zama daram, sauran ado ne da ya yi wa ɗakin yawa. Na so ta sake min rubuta buɗewar labarin da kanta don na gaji, ta ƙi, ta ce in ta rubuta ya zama nata kuma gasar aikin hannunki ake nema, ita ba za ta ci amanar sauran masu shiga ba. A lokacin na ji haushi, yanzu kuwa shi ya sa na ƙara ganin girmanta. Kuma tun ranar farko ta faɗa min ba ta da hanya da alƙalai kuma ba ta yi min alkawarin cin komai ba, duk wanda ya ce miki ki biya zai sa ki ci ki kama kuɗinki.

Toh ga ƙorafina kuma, don ba komai ne ya yi min daidai ba.

Kwana uku ta ce, sai da aka yi shida, kuma ba ita ta sanar da ni ba sai da na yi ta bibiya, ranar rufe gasa na matsowa gabana na faɗuwa. Na gane ta karɓi aiki ya fi ƙarfinta a wannan lokacin don kowa a makon ƙarshe yake tashi, amma ai sai ta faɗa tun farko mutum ya san inda ya dosa. Sannan da na gama gyara na mayar mata ta sake dubawa sai ta ce dubawa ta biyu naira 2,000 ce daban. Kuɗin ba shi ne damuwata ba, aikin ya ci fiye da haka, rashin faɗa tun farko ne ya sosa min rai, don na ɗauka duk a cikin na farkon ne. Ga kuma saƙon murya, Anti tana son bayani da baki, sai ta turo na minti tara, na minti sha ɗaya, bayani mai kyau wallahi amma in kina neman abu ɗaya da ta faɗa sai kin sake sauraro daga farko, ga data ga caji. Da a rubuce ta saka a gefen labarin kamar sauran da ya fi min.

Wanda ya fi tsaya min shi ne na karin harshe. Ni 'yar Gusau ce, kakar Uwani a labarin da harshenmu take magana, ɗiyata take cewa, mi take cewa ba me ba, shina ba yana ba. Anti ta bi duk ta mayar da su Kananci ta ce an ce daidaitacciyar Hausa. Na yarda da ita a kan bayanin marubuciya, wannan dole ya bi ƙa'ida, amma tsohuwar da ba ta taɓa barin garinsu ba in ta buɗe baki ta yi maganar 'yan birnin Kano ai ta tashi daga kakar da na sani. Kuma a labarin da ba ni da filin siffanta ta, wannan ɗiyata ɗin guda ɗaya ya gaya wa mai karatu daga ina take da shekarunta ba tare da na kashe kalma ko ɗaya a kai ba, wato dabarar da ita kanta ta koya min ce. Mun yi ta ja, a ƙarshe ta ce labarinki ne ƙanwata ke za ki yanke, na mayar da guda uku a bakin tsohuwar kawai, sauran na bar su yadda ta gyara.

Wa zan ce ta je? Wadda ta riga ta gama labarinta kuma za ta iya jure a ja wa sakin layin da ta fi so jan layi. In kina neman wadda za ta rubuta miki ne ko ta yaba miki, ba wajenta ba ne. Ki tura aƙalla sati uku kafin a rufe, ki tambayi kuɗin dubawa ta biyu tun kafin ki yi transfa, ki roƙe ta ta rubuta gyaran maimakon murya, kuma ki rubuta takardar jarumarki mai kalma 80 tun a gida ki tafi da ita, za ki rage wa kanki kwana biyu.

Nawa labarin a 1,462 ya tsaya, na tura saura kwana biyu a rufe. Na riga na fara na baɗi, takardar jarumar na fara rubutawa kafin komai, kuma wajen Anti zan sake kai shi, amma wannan karon da wuri.