Kujerar Gefen Babur da Mai Walda Ya Haɗa wa Yayana

Yayana ya kamu da shan inna tun yana ɗan shekara uku, kuma ko da yake an tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar daga Najeriya a shekarar 2020, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da yawa a ƙauyuka irin namu na ƙasar Ringim. Keken guragu yana kai shi masallaci da majalisa, amma ba ya ratsa yashin hanyarmu, goyo a babur kuwa sai an sami na uku ya riƙe shi. Wannan ne ya sa na kai Boxer ɗina wurin wani mai walda domin ya haɗa masa kujerar gefe mai tayarta, kuma yau wata biyar ke nan muna amfani da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutumin bai fara yankan ƙarfe ba sai da ya ga mai hawan. Ya durƙusa ya ce, "Malam, nuna mini yadda kake sauka daga kekenka," sannan ya auna tsayin kujerar daidai da na keken, ta yadda Yaya yake ja da hannuwansa ya koma ciki ba tare da an ɗauke shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin fuskar magidanci lokacin da ƙaninsa ya sungume shi a gaban jama'a ya san darajar wannan. Ya sa mariƙi a dama da hagu, da bel a ƙugu, da wani ɗan katako mai katifa da ke hana ƙafafun zamewa waje, ya kuma ɗaure kujerar da jikin babur a wuri huɗu da noti maimakon walda, domin a iya kwance ta. Rumfar da ya yi wa kujerar ba ta da kyan gani, amma tana tare rana.

Inda ya gaza shi ne bai faɗa mini cewa tuƙin zai canza gaba ɗaya ba. Babur mai kujerar gefe ba ya kwanciya a kwana, da ƙarfin hannu ake juya kansa. Da yake kujerar tana dama, kamar yadda ya dace tunda hannun dama muke bi a titi, idan na ba da wuta sai babur ya ja dama, idan na taka birki ya ja hagu, saboda tayar kujerar ba ta da birki. Ranar farko da na sha kwanar dama da ɗan gudu tayar ta ɗaga sama, Allah Ya sa buhun gero ne a ciki, ba Yaya ba.

Injin ma ƙarami ne ga wannan nauyi. A cikin yashi sai giya ta ɗaya, mai yana saurin ƙarewa, tayar baya kuma tana cinyewa da wuri. A kan kwalta ba na wuce gudun da zan iya tsayawa nan take.

Duk da haka zan tura masa wani, da sharaɗin a nemi birki a taya ta uku tun wajen ciniki, a kuma yi kwanaki ana gwaji da buhu kafin a ɗauki mutum. Ni kaina zan mayar masa da babur ɗin kafin damina ya ƙara birkin, ya kuma sa shoka mai laushi, domin Yaya yana kukan bayansa duk ranar da muka bi burji.