Musanya ko kawarwa, wacce yaro zai riƙe a lissafin x da y?

Assalamu alaikum Anti. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, wayata ce ba caji shi ya sa sai yanzu. Kin ce ɗanki yana SS2, malamin makaranta ya koya musu warware ikweshin biyu masu x da y ta hanyar sabstitushan, mai lesin kuma ya zo ya ce ai eliminashan ta fi, yanzu yaro ya rikice har yana cakuɗa biyun a tambaya ɗaya, wacce zai riƙe kenan?

To Anti duka malaman biyu ba wanda ya yi ƙarya, kowanne dai ya koyar da wadda hannunsa ya saba da ita ne. Ni a aji ina kiran ta farkon musanya, ta biyun kuma kawarwa, don yara sun fi kama su da haka. Bari in ɗora su a kan tambaya ɗaya ki gani da idonki, ko da kin manta lissafin sakandare za ki bi.

A ce a gida akwai kaji da awaki, an ƙirga kawuna 20, an ƙirga ƙafafu 56. Kaji mu ce k, awaki mu ce a.

k + a = 20
2k + 4a = 56

Mai musanya zai kalli layin farko ya ce to k dai ita ce 20 − a, sai ya je layi na biyu duk inda ya ga k ya cire ta ya dasa 20 − a a gurbinta. Ya zama 2(20 − a) + 4a = 56, a buɗe baka ya zama 40 − 2a + 4a = 56, wato 2a = 16, awaki 8, kaji 12. Mai kawarwa kuma ba zai taɓa kaɗaita harafi ba, layin farko zai ninka da 2 ya zama 2k + 2a = 40, sai ya debe shi daga layi na biyu, 2k ta tafi da 2k, saura 2a = 16. Kin ga wuri ɗaya suka sauka, kuma a irin wannan tambayar ba wadda ta fi wata sauri, duk wadda yaro ya ɗauka shikenan.

Inda suke rabuwa shi ne idan lambobin da ke manne da haruffa ba 1 ba ne. Dubi wannan:

3x + 4y = 18
5x − 2y = 4

Nan idan ya dage sai musanya, dole ya ce x = (18 − 4y)/3, ga farakshin ya shigo tun ba a je ko'ina ba, sai ya ɗauki wannan kayan ya zuba a layi na biyu, 5(18 − 4y)/3 − 2y = 4, ya ninka komai da 3 don ya rabu da na ƙasan, kuma wallahi a nan ne rabin yarana suke mantawa su ninka 4 ɗin da ke bayan alamar daidai, su ninka na hagu su bar na dama. Idan Allah ya taimake shi bai manta ba zai samu 90 − 20y − 6y = 12, wato 26y = 78, y = 3. Ya isa dai, amma ya sha wuya a banza. Da kawarwa kuwa layi na biyu kawai zai ninka da 2, ya zama 10x − 4y = 8, ya tara shi da na farko, 4y da −4y su cinye juna, saura 13x = 26, x = 2, ya mayar ya samu y = 3. Layi uku an gama, ba farakshin ko ɗaya. Don haka duk tambayar da ta zo a jere haka, x a ƙarƙashin x, y a ƙarƙashin y, lamba a gefe, kuma ba harafin da ke tsaye shi kaɗai, kawarwa ce maganinta, mai lesin ya yi gaskiya a nan.

Amma fa malamin makaranta shi ma yana da inda zai yi wa mai lesin dariya. Akwai tambayar da ake yawan kawowa a jarabawar fita sakandare, layi ɗaya miƙaƙƙe ɗaya kuma mai sukwaya, kamar haka:

y = x + 1
x² + y² = 25

To a nan me za ka ninka ka debe? Babu. x da x² ba jinsi ɗaya ba ne, ba za su cinye juna ba ko ka ninka da dubu. Musanya ce kawai ke shiga: x² + (x + 1)² = 25, a buɗe ya zama 2x² + 2x − 24 = 0, a raba da 2, x² + x − 12 = 0, wato (x + 4)(x − 3) = 0. x ta zama 3 ko −4, y kuma 4 ko −3. Kuma a nan sai ya haɗa su bibbiyu, 3 da 4 tare, −4 da −3 tare, kar ya jera lambobi huɗu kawai ya tashi. Yaron da bai iya komai ba sai kawarwa, irin wannan tambayar zai zauna yana kallonta ne har a ce a ajiye biro. Shi ya sa ni idan aka matsa min lallai sai na zaɓi ɗaya da za a fara ƙwarewa a kai, musanya zan ce, don ita ko ta wahalar da kai ba ta barin ka a hanya, kawarwa kuwa akwai ƙofar da ba ta buɗewa. Sai dai kuma idan haruffa suka kai uku, x da y da z, da layi uku, musanya tana zama kamar warware zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, a nan kawarwa ce ke da tsari.

Abin da nake sa yarana su yi kafin su taɓa biro shi ne su kalli tambayar na ɗan lokaci su tambayi kansu abu biyu. Akwai harafin da ke tsaye shi kaɗai, ba lamba a jikinsa, ko an riga an ba ka y = kaza? Ko akwai sukwaya ko xy a wani layin? To musanya. In babu, kawarwa. Iyakar dokar kenan, ba sai an haddace wani dogon abu ba.

Yanzu bari in faɗa miki abin da nake zargi, ko da ban ga littafin yaron ba. Yawancin yaran da ake kawo min da sunan sun rikice tsakanin hanyoyin nan biyu, idan na zauna da su sai in tarar hanyoyin sun gane su sarai, alamar debewa ce take kayar da su. Lambobin ƙasa da sifili tun JSS1 aka wuce su da gudu, ba su zauna ba, sai yanzu suke fitowa. Gwada shi da wannan ki gani:

2x − 3y = 7
2x + 5y = −1

Za a debe na biyu daga na farko. 2x ta tafi. −3y a debe 5y ya zama −8y. Sai 7 a debe −1. Nan ne wurin. Idan ya ce 6, kin kama ɓarawon. Amsar 8 ce, don haka −8y = 8, y = −1, x = 2. Akwai wata yarinya da na yi wa lesin, mai ƙoƙari ce sosai, sati biyu muna fama da wannan 7 − (−1) ɗin, kullum 6 take rubutawa, har sai ranar da na ce mata ki ɗauka −1 bashin naira ɗaya ne a kanki, kuɗinki na gaskiya bayan an lissafa bashin naira 7 ne, sai mai bashin ya ce ya yafe, an cire miki bashi kenan, yanzu nawa gare ki? Ta yi shiru ta ce 8. Tun ranar ba ta sake faɗawa ramin ba. Dokar nan ta debewa da debewa su ba da tarawa yara suna rera ta kamar karatun allo amma ba su san me take nufi ba, shi ya sa suke ɗora ta inda ba ta shiga, ka ga yaro ya ce −3 − 5 = 8, alhali bashin 3 ne aka ƙara masa bashin 5, ya zama −8.

Kuma kowace hanya da inda debewar take yi mata kwanton ɓauna. A kawarwa wurin debe layi daga layi ne, kamar yadda kika gani. Dabarar da nake ba su ita ce kar su debe sam, su juya alamar kowane abu a layi na biyu, 2x + 5y = −1 ya koma −2x − 5y = 1, sannan su tara, tarawa ba ta cika cin mutum ba. A musanya kuma wurin buɗe baka ne, ka ga −2(20 − a) yaro ya rubuta −40 − 2a maimakon −40 + 2a, ya ba na farko alamar ya hana na biyu. Ko kuma ya ƙi sa bakan ma gaba ɗaya, wannan ya fi muni.

Sunan darasin ma daga irin wannan juye-juyen ya samo asali. Aljebra daga kalmar Larabci al-jabr ce, wadda Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya yi amfani da ita a littafin da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, tana nufin ɗori, kamar ɗorin karaya, wato ka ɗauki abin da aka debe a gefe ɗaya ka mayar da shi ɗaya gefen ya zama ƙari. Ita kuwa kawarwa, mutanen Sin suna yin ta da 'yan tsinkayen ƙirga shekara wajen 2000 da suka wuce, tun kafin a laƙaba mata sunan Gauss, Bajamushen nan da aka haifa a 1777. Na kan faɗa wa yara wannan don su daina ganin abin kamar wani sihirin Turawa.

Sai maganar jarabawa, tunda can aka dosa. A takardar tiyori ta WAEC da NECO ba a tilasta hanya sai in tambayar ta ambata, misali ta ce a yi da giraf, kuma akwai makin hanya daban da makin amsa, don haka ya rubuta matakansa a fili ko da ya kuskure a ƙarshe zai tsira da wani abu, kar ya yi a gefen takarda ya kawo amsa tsirara. A JAMB kuma labari ya sha bamban, tambaya 180 a awa 2, 40 daga ciki na lissafi ne ga mai yin lissafi, ba wanda zai duba aikinka, a nan sau da yawa ma ya fi sauri ya ɗauki amsoshin da aka jera ya gwada su a layukan biyu ya ga wacce ta zauna. Amma a layukan biyu fa, don akan sa amsar da ta dace da layi ɗaya kawai a matsayin tarko.

Wannan gwajin kuma ya zame masa ɗabi'a ko a tiyori, in ya samu x da y ya mayar da su cikin layin da bai yi amfani da shi a ƙarshe ba, kaji 12 ƙafa 24, awaki 8 ƙafa 32, jimla 56, ya zauna. Kuma in tambayar ta mutane ce ko dabbobi ko kujeru, amsa dole ta fito cikakkiyar lamba, in ya ga awaki 7.5 ya san wani wuri alama ta zame, ya koma ya duba, ba a yanka akuya a tsakiyar lissafi. Haka in yana cikin kawarwa ya ga x da y duk sun ɓace ya rage 0 = 4 ko makamancin haka, kamar a x + 2y = 7 da 2x + 4y = 10, kar ya firgita, layukan ne ba su da mahaɗa, tambayar ba ta da amsa, abin da zai rubuta kenan.

Anti ki ba shi waɗannan uku yau da daddare, kar ki faɗa masa hanyar da zai bi, ki ce ya rubuta a saman kowacce wacce ya zaɓa da dalilinsa. Na ɗaya x = 2y − 1 da 3x + y = 11. Na biyu 4x − 3y = 6 da 4x + 2y = −4. Na uku x + y = 7 da xy = 12. Ki ɗauki hoton aikin nasa gaba ɗaya har da inda ya soke ki turo, na biyun nake so in fara gani.